Matsakaici

Mu goma sha bakwai muka gama ajin lissafi.
Na rubuta sunayenmu a bayan littafin albasa,
tsakanin bashin Iya Bose
da kuɗin tirelar da ta taso daga Aliero.

Nafi'u yana hawa na tara a bakin teku,
yana auna wa banki wanda zai ci bashi ya gudu.
Uku suna shan ƙurar alli a makarantun kuɗi na Agege,
albashinsu sai wata ya tsufa yake zuwa, da ɗingishi.
Folake ta haye ruwa.
Biyu sun koyi yaren kwamfuta,
dala na shigo musu da tsakar dare, janareto na tari.
Biyu suna ƙarƙashin laima a Oshodi, suna cire wa mutane kuɗi.
Tasi'u yana jan keke a Ojota,
ya ce har gobe abin da ba a sani ba yake nema,
sai dai yanzu sunansa fasinja.
Biyar ba sa ɗaga waya.
Ɗaya ya riga mu, Allah ya jiƙan Hashimu.
Sai ni.

Na tara, na raba.
Amsar ta fito da tumbi, tana sheƙi,
ta ce kowannenmu yana cin nama sau biyu a yini.
Haka matsakaici yake, ba ya ƙarya, ba ya gaskiya:
Nafi'u ya cinye rago, ni na sha romon kallo,
a takarda kowa ya tashi da rabin rago.

Ƙanwata Rakiya jinya ta karanta.
Tawadar takardarta ba ta bushe ba asibiti ya kira.
Ƙasimu lauya, da baƙar rigarsa mai cin rana,
yana gindin bishiya a bakin kotu yana farautar mai rantsuwa.
Wani da ya karanta tarihi
yanzu filaye yake sayarwa a Ajah, rabinsu ruwa,
motarsa ta fi ɗakina faɗi.
To wa ya fi wa?
Na ja layi, na goge, na sake ja.
Ikko ba ta tambayar me ka karanta
sai ta gama tambayar wa ka sani.

Alhaji Ilu bai taɓa zama a benci ba.
Buhu ɗari uku da sittin, a cire lada, a cire 'yan dako,
kafin in buɗe biro ya faɗi amsa yana sakace.
Ranar da na zo ya juya takardata sama da ƙasa,
ya ce, "Wannan nawa take haihuwa a wata?"
Na yi shiru. Kuda ya sauka a kan hatimin jami'a.

Amma damina ta zo, albasa ta fara kuka a rumfa.
Kwana arba'in ina ƙirga ruɓaɓɓu,
buhu nawa, kwana nawa, daga wace mota,
har ruɓa ta nuna mini tafiyarta.
Na ce, "Alhaji, na Talata a sayar kafin Juma'a,
ko da ragi. Na Asabar za su jira."
Ya dube ni kamar na ce kifi zai yi tari.
Ya gwada.

Ƙarshen wata ya ƙara mini dubu bakwai,
ya daina ce mini yaro, ya koma Malam Mudi.
Na sa dubu bakwai ɗin a lissafin ajinmu.
Matsakaici ko gezau bai yi ba.

Ƙarfe huɗu na asuba, Mil Sha Biyu ta farka.
Tirela na ja da baya, wani na ihu da Yarbanci.
Na lashi yatsa, na buɗe sabon shafi,
hannuna na warin albasa,
ina jiran buhun farko.